Genentech Bayan Roche Ya Saye Shi: Nazarin Yadda Ma'aikata Suka Ɗanɗana Sauyin Al'adar Wurin Aiki

A ranar 12 ga Maris, 2009, kamfanin magunguna na Roche da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan ya cimma yarjejeniyar sayen sauran hannun jarin da bai mallaka ba na Genentech, kamfanin fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta na Amurka, wato kusan kashi 44 cikin ɗari, a kan dala biliyan 46.8. Gine-gine da injuna da magungunan da ke kasuwa duk suna cikin lissafin, amma mafi tsadar abin da ke cikin cinikin shi ne ma'aikata kusan 11,000, waɗanda babu wata takardar ciniki da za ta ɗaure su. Dokar jihar Kalifoniya ba ta amince da sharaɗin da ke hana ma'aikaci komawa kamfanin da ke gogayya da tsohon wurin aikinsa ba, kuma garin South San Francisco, inda hedikwatar Genentech take, cike yake da ƙananan kamfanonin fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta masu neman ƙwararru ruwa a jallo. Masanin da ransa ya ɓaci yau zai iya tsallaka titi gobe ya kama sabon aiki. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: mene ne ainihin abin da ma'aikatan ke nufi idan suka ce "al'adar Genentech", kuma wane ɓangarenta ne ya tsira bayan kamfanin ya rasa 'yancin kansa?

Tushen al'adar

Mutum biyu ne suka kafa Genentech a 1976: Robert Swanson, matashin mai zuba jari ɗan shekara 28, da Herbert Boyer, masanin kimiyya a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko, wanda shi da Stanley Cohen suka nuna a 1973 cewa ana iya yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin bakteriya. Kowannensu ya ajiye dala 500. A 1978 masanan kamfanin tare da abokan aikinsu sun sa bakteriya ta samar da insulin irin na ɗan Adam, aka ba wa kamfanin magunguna na Eli Lilly lasisi, maganin ya shiga kasuwa a 1982 domin masu ciwon sukari. Ranar da aka fara sayar da hannun jarin kamfanin ga jama'a a Oktoban 1980, farashi ya tashi daga dala 35 zuwa 88 cikin ƙasa da sa'a guda.

Abin da ya fi tasiri a rayuwar ma'aikata, duk da haka, shawara ce da Boyer ya dage a kanta tun farko: a bar masanan kamfanin su riƙa wallafa sakamakon bincikensu a mujallun kimiyya da sunayensu. A wancan zamani manyan kamfanonin magunguna sun fi son rufe bincike a matsayin sirrin kasuwanci, malaman jami'a kuma suna kallon wanda ya koma kamfani kamar wanda ya sayar da iliminsa ya ɓace. Izinin wallafawa ya kawar da wannan tsoro. Masani na iya karɓar albashin kamfani, sunansa kuma ya ci gaba da yawo tsakanin takwarorinsa na duniya, kuma idan wata rana ya so komawa jami'a ƙofa a buɗe take. Lauyoyin kamfani su fara shigar da takardar mallakar ƙirƙira, daga nan a saki maƙalar. Kamfanin ya kuma buɗe shiri na ɗaukar matasa masu digirin digirgir su yi 'yan shekaru suna binciken asali wanda ba dole ba ne ya haifar da magani, kamar dai yadda ake yi a jami'a.

Akwai kuma abubuwan da 'yan jarida suka fi so su ba da labari. Kowace Juma'a da yamma ana taron shaƙatawa da ake kira Ho-Ho, al'adar da ta faro tun kamfanin yana ɗan ƙarami. Duk wanda ya cika shekara shida yana da dogon hutu na mako shida da cikakken albashi. Akwai wurin renon yaran ma'aikata, akwai motocin safa na kamfani da ke kwaso mutane daga sassan yankin. Ba a ware wa manya ɗakin cin abinci ko wurin ajiye mota na musamman ba. Arthur Levinson, wanda ya shiga kamfanin a 1980 a matsayin mai bincike ya kuma zama shugaba a 1995, an san shi da zuwa ofis da wandon jins da takalmin wasanni, da kuma tsayar da ƙaramin ma'aikaci ya tsare shi da tambayoyi a kan sakamakon gwajinsa. A 2006 mujallar Fortune ta sa Genentech a lamba ta ɗaya cikin kamfanoni 100 mafi daɗin aiki a Amurka, jerin da mafi yawan makinsa daga amsoshin ma'aikata kansu yake fitowa.

Kuskure ne a ɗauka wurin hutu ne. Shiga da wuya, domin mai neman aiki kan yi hira da mutane da yawa a ziyara fiye da ɗaya. Bayan an shiga, kowane mai jagorantar bincike sai ya tsaya lokaci-lokaci gaban kwamitin manyan masana ya kare aikinsa, kuma kwamitin yana da ikon rufe aikin da mutum ya shafe shekaru a kai. Wanda ya saba da cewa muƙami ne ke raba gardama yakan sha wahala a nan, saboda a taro bayanan gwaji ake tambaya, ko da mai maganar shugaban sashe ne. Wasu sun ji wannan a matsayin 'yanci, wasu kuwa a matsayin matsi mara yankewa, kuma duka biyun gaskiya ne.

Ginshiƙin da ya riƙe komai shi ne lokaci. An ƙarfafa wa masana gwiwa su ware wani kaso na lokacin aikinsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar, su bi abin da ya ja hankalinsu. Napoleone Ferrara, likita ɗan Italiya da ya shiga kamfanin a 1988, an ɗauke shi ne don wani aiki dabam, amma a wannan lokaci na kansa ya bi diddigin sinadarin da ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, ya kuma bayyana shi a 1989 da sunan VEGF. Tunanin shi ne, idan aka toshe wannan sinadari za a yanke wa ƙarin ciwon daji hanyar samun jini. Maganin da ya fito daga nan, Avastin, ya faɗi a babban gwajin sankarar mama a 2002, ya yi nasara a kan sankarar hanji a 2003, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a Fabrairun 2004. Shekara goma sha biyar ke nan daga ganowa zuwa kasuwa. Labarin Herceptin, maganin sankarar mama da aka amince da shi a 1998, ya yi kama da wannan: akwai lokacin da shugabanni suka yi sanyi a kan binciken ciwon daji, wasu 'yan tsirarun masana ne suka ƙi sakin aikin. Irin waɗannan labarai ne ake ba sabon ma'aikaci, kuma darasin da yake ɗauka shi ne cewa a wannan gida taurin kai mai hujja yana iya kai mutum ga nasara.

Wata takwas na zaman ɗar-ɗar

Roche ba baƙo ba ne. Tun 1990 ya sayi kashi 60 cikin ɗari na Genentech a kan dala biliyan 2.1 (daga baya kason ya koma kusan kashi 56), amma ya bar shi yana tafiyar da kansa, da kwamitin daraktocinsa da hannun jarinsa a kasuwar New York, inda daga baya aka san shi da alamar DNA. A Yulin 2008 ne ya yi tayin sayen sauran a kan dala 89 kowane hannun jari. Kwamitin daraktoci masu zaman kansu na Genentech ya ce tayin ya yi kaɗan. Ana cikin haka kasuwannin kuɗi na duniya suka rushe, a Janairun 2009 Roche ya tsallake kwamitin ya tunkari masu hannun jari kai tsaye da farashi mafi ƙasa, dala 86.50, kafin a ƙarshe a daidaita a kan dala 95.

Ga ma'aikaci, wannan wata takwas ne na rashin sanin gobe. Mai bincike bai san ko aikin da ya faro zai tsira ba, mai sayar da magani bai san wa zai zama shugabansa ba, kuma masu farautar ma'aikata ba su daina bugo waya ba. Kwamitin daraktoci ya gane hatsarin, shi ya sa a Agustan 2008 ya amince da shirin dala miliyan 371 na biyan ma'aikata kuɗin zama, wanda za a biya kashi-kashi ga duk wanda bai tafi ba. Kuɗin ya yi aikinsa na ɗan lokaci, amma yana ɗauke da wani saƙo da ba a faɗa ba: kamfanin da a da yake riƙe mutane da sha'awar aiki da rabon riba, yanzu sai ya biya su don su tsaya.

Katangar da aka gina

Shugaban Roche, Severin Schwan, wanda ya hau kujerar a 2008, ya yi abin da ba kasafai mai saye yake yi ba. Ya ware sashen bincike da gwajin farko na Genentech ya mai da shi cibiya mai cin gashin kanta da ake kira gRED, da kasafin kuɗinta, ƙarƙashin Richard Scheller, wanda ke ba da rahoto ga Schwan kai tsaye ba tare da bi ta hannun shugabannin binciken Basel ba. Binciken Roche na Turai ya zauna a cibiyarsa dabam, pRED. Ba a haɗe su ba, ko da yake haɗewar ce za ta fi rage kashe kuɗi. An bar sunan Genentech a kan gine-gine, har ma magungunan Roche a Amurka suka koma fita da wannan suna. Roche ya fice daga ƙungiyar manyan kamfanonin magunguna ta Amurka, PhRMA, ya tsaya a ƙungiyar kamfanonin fasahar halittu. Ho-Ho da dogon hutu da izinin wallafawa duk suka ci gaba. Wasu 'yan Genentech ma girma suka samu, kamar Hal Barron da aka ba jagorancin gwajin magunguna na Roche a duniya baki ɗaya.

A ganina wannan katanga ita ce shawara mafi hikima a cinikin, kuma ita ce ta raba ma'aikata gida biyu. Masu bincike na cikin gRED tsiraru ne idan aka kwatanta da jimillar ma'aikata. Sauran, wato masu sarrafa magani a masana'antu, masu gudanar da manyan gwaje-gwajen asibiti, masu tallace-tallace, masu kula da kuɗi da kwamfuta da sayen kaya, an haɗe su da tsarin Roche na duniya. Masanin da ke ɗakin gwaje-gwaje zai iya rantsuwa cewa kusan babu abin da ya sauya, injiniyan da ke masana'anta kuma ya ce komai ya sauya, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sauyin da na waje da katanga suka fi ji shi ne na wurin yanke shawara. A da, mai iko na ƙarshe yana cikin harabar, ana iya cin karo da shi a layin abinci. Yanzu magana takan bi ta kwamitoci masu wakilai daga ƙasashe da yawa, kuma tsakanin Kalifoniya da Basel akwai tazarar sa'a tara. Taron da za a yi da ƙarfe huɗu na yamma a Basel, ƙarfe bakwai na safe ne a South San Francisco, don haka ranar aikin mutane da yawa ta koma farawa tun da asuba, daidai lokacin da iyaye ke shirya yara. Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma shi ne irin abin da ke cin mutum a hankali.

Sai batun hannun jari, wanda na fi ɗauka da nauyi fiye da yadda aka saba ba shi. Kafin 2009 mafi yawan ma'aikatan Genentech suna samun damar sayen hannun jarin kamfani a kan tsohon farashi, ta yadda idan gwajin magani ya yi nasara farashi ya tashi, mai wanke kwalabe a ɗakin gwaji da shugaban sashe duka za su gani a aljihunsu. Ranar da aka sanar da nasarar Avastin a Mayun 2003 farashin ya yi tsalle sosai a wuni guda. Bayan saye, alamar DNA ta ɓace daga kasuwa. Ladan da ya maye gurbinsa yana rataye ne da takardun jarin Roche, katafaren kamfanin da aka kafa a 1896, mai sassa da yawa a ƙasashe da yawa, wanda zuriyar iyalan Hoffmann da Oeri ke riƙe da rinjayen ƙuri'unsa. Nasarar ɗakin gwaji ɗaya ba ta cika motsa irin wannan jari ba. Igiyar da ta haɗa aikin hannun mutum da rabonsa ta yi tsawo har ba a jin jan ta. Albashi na iya zama mai kyau, amma mai rabo a gida dabam yake da ma'aikacin gida.

Manya kuma sun fara tafiya. Levinson ya sauka daga shugabancin yau da kullum a 2009, ko da yake ya ci gaba da zama shugaban kwamitin daraktoci na wasu shekaru. Susan Desmond-Hellmann, wadda ta jagoranci gwajin Herceptin da Avastin har suka kai kasuwa, ta koma shugabar Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko a shekarar. Mai kula da kuɗi, David Ebersman, ya tafi Facebook. Marc Tessier-Lavigne ya zama shugaban Jami'ar Rockefeller a 2011, Ferrara ya koma jami'a a San Diego, Barron ya bi Levinson zuwa kamfanin Calico a 2013, Scheller ya yi ritaya daga muƙaminsa a 2014. Guguwar ficewar da aka yi hasashe a tsakanin masu bincike ba ta zo a lokaci ɗaya ba, sai dai tsiyaya ce ta shekaru. Kujerar shugaba kuwa, wadda Levinson ya riƙe shekara goma sha huɗu, ta zama zango a hanyar manyan jami'ai: Pascal Soriot ya wuce kamfanin AstraZeneca, Bill Anderson ya wuce Bayer, Alexander Hardy ya wuce BioMarin. Matsayin kamfanin a jerin Fortune ya nuna wannan tangal-tangal, domin ya zame daga goman farko bayan sayen, sannan ya dawo lamba ta shida a 2014.

Waɗanda suka biya farashin

Akwai ɓangaren labarin da ake yawan tsallakewa. Don a kare South San Francisco, ma'aikatan Roche na asali ne suka fara ji a jikinsu. An rufe cibiyar binciken Roche ta Palo Alto. Hedikwatar kasuwancinsa ta Amurka ta tashi daga Nutley a jihar New Jersey ta koma Kalifoniya, ma'aikata suka zaɓi tsakanin ƙaura da iyali zuwa ɗaya ƙarshen ƙasar, inda gidaje suka fi tsada, ko rasa aiki. A Nuwamban 2010 Roche ya sanar da rage ma'aikata 4,800 a duniya. A 2012 ya sanar da rufe Nutley gaba ɗaya, wurin da yake tun 1929, inda Leo Sternbach ya ƙirƙiro maganin kwantar da hankali Valium, kusan mutum 1,000 suka rasa aiki. Waɗanda suka yi ƙaura kuma sun tarar da kansu a wani yanayi mai wuyar sha'ani: kamfaninsu ne ya yi saye, amma su ne baƙi, su ne ake sa ran za su koyi salon masu gida.

Ko a cikin Genentech, taken yi wa marasa lafiya hidima bai hana ma'aikata fuskantar tambayoyi masu nauyi ba. Lucentis, maganin cutar ido ta tsofaffi da aka amince da shi a 2006, kusan dala 2,000 ake sayar da allura ɗaya a lokacin, alhali likitocin ido sun gano cewa ɗan ƙaramin kaso na Avastin mai kimanin dala 50 yana yin kusan aiki iri ɗaya, kuma gwajin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa ya tabbatar da kusancin a 2011. A Nuwamban shekarar FDA ta janye amincewarta da amfani da Avastin a kan sankarar mama. Masanin da ya ƙera maganin ba shi ne ke sa farashi ba, amma shi ne dangi da abokai ke tsarewa da tambaya.

Jarrabawa ta gaskiya ta zo ne da ribar ta fara raguwa. Magungunan ciwon daji uku, Rituxan da Herceptin da Avastin, su ne suka ɗauki nauyin gidan shekara da shekaru, kuma a 2019 kwafinsu masu rahusa suka shiga kasuwar Amurka. Anderson, tun yana shugabancin Genentech daga 2017, ya fito fili yana sukar yawan matakan neman izini, ya kuma yi ƙoƙarin rage su, abin da ke nuna cewa ƙorafin na waje da katanga ya isa kunnen manya. A 2020 aka ɗauko Aviv Regev daga cibiyar bincike ta Broad da ke Amurka ta jagoranci gRED, ta karkatar da bincike zuwa amfani da kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira wajen gano magani, sauyin da ya ɗaga darajar wasu ƙwarewa ya rage ta wasu. A 2024 aka sayar wa kamfanin Lonza masana'antar Genentech da ke garin Vacaville na Kalifoniya a kan dala biliyan 1.2, ma'aikata kusan 750 aka yi musu tayin komawa ƙarƙashin sabon mai gida, a gini ɗaya, a gaban tankunan da suka saba, amma ba su ƙara zama 'yan Genentech ba. A Afrilun shekarar aka sallami mutum 436. A watan Agusta kuma sauyin ya tsallaka katangar kanta, inda aka rufe sashen binciken garkuwar jiki a kan ciwon daji a matsayin sashe mai zaman kansa, aka rarraba aikinsa cikin wasu sassa, shugabansa Ira Mellman, wanda ya baro Jami'ar Yale ya zo kamfanin a 2007, ya bar aiki.